Za mu rushe gidan gado a Gangare mu gina bene: me za mu tsira da shi?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Mun gaji gida daga mahaifinmu a Gangare, cikin Jos. An gina shi tun shekarun 1970. Harsashinsa dutse ne, bangon gaba bulo, sai ɗakuna biyu na baya da suke ginin ƙasa. Mun yi shawara da 'yan'uwana mu rushe shi mu gina bene hawa ɗaya, shaguna a ƙasa, wurin zama a sama. Ɗana da yake karatun gine-gine a jami'a ya matsa mini cewa kada mu sa katafila, wai yanzu duniya ta koma sake amfani da tsofaffin kaya, kuma wai a fara gina gidan a kwamfuta kafin a aza bulo ko ɗaya. Ni dai ina ganin maganar Turawa ce. Shin akwai abin da za ta rage mini na kuɗi, ko ɓata lokaci ne? Kuma zan iya mayar da tsohon rodi cikin sabon ginin?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa gidan nan ya zama sanadin ƙarin zumunci a tsakaninku. Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko akwai riba a warware tsohon gida a hankali maimakon a tura masa katafila, wane kaya ne zai iya komawa cikin sabon gini, sannan ko zanen kwamfutar da yaron yake magana zai tsinana maka wani abu. Yaronka yana kan hanya a mafi yawan abin da ya faɗa, kuma a aljihunka za ka fara ganin ribar. Maganar rodi ce kaɗai zan ce maka a'a kai tsaye, zan kuma kawo dalili. Amma ka riƙe wannan tun yanzu: ban taka gidan ba, ban ga bangonsa ba. Duk abin da ya shafi ko harsashi zai ɗauki nauyi, sai injiniyan da ya tsaya a wurin, ya sa aka haƙa ya gani da idonsa, shi zai yanke.

Daga ina maganar ta taso

Gaskiyarka ce, daga Turai aka fi jin ta, kuma siminti da tarin ɓaraguzai ne suka tayar musu da hankali. Ana yin siminti ta hanyar gasa dutsen farar ƙasa a tanderun da zafinsa yake kaiwa digiri 1,450, kuma fiye da rabin iskar kabon da ke tashi daga jikin dutsen kansa take fita, ba daga man da aka ƙona ba. Shi ya sa masana'antar siminti ita kaɗai take fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na wannan iska mai ɗumama duniya. A 2008 Tarayyar Turai ta yi dokar da ta ce zuwa 2020 a riƙa mayar da kashi 70 cikin 100 na sharar gini cikin amfani. Nijeriya ma ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Glasgow a 2021 cewa zuwa 2060 za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake zuƙewa daga iska, ta kuma yi dokar sauyin yanayi a wannan shekarar.

Wannan na gwamnatoci ne. Naka lissafin ya fi kusa. Ka tuna farkon 2024, lokacin da buhun simintin da muke saye naira dubu biyar da 'yan kai ya haura dubu goma a 'yan makonni. Simintin da ke zuwa mana Jos daga Obajana ko Gboko ko Ashaka yake tasowa, tirela ce take hawo tudun nan da shi tana shan dizal, kuma kai za ka biya kuɗin wannan hawan. Haka yashi, haka tsakuwa, haka kowace tifar burji. Duk buhun da ba ka saya ba, da duk tifar da ba ka kira ba, kuɗi ne ya zauna a hannunka.

Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Maginan gargajiya idan katangar ƙasa ta faɗi, ƙasar nan dai suke jiƙawa su sake kwaɓawa su yi tubali, azara kuma takan yi rufi biyu ko uku kafin ta mutu. Yau ma ka je kasuwar Katako ko wajen 'yan gwangwan ka ga tsofaffin ƙofofi da tagogi da kwano suna canja hannu kullum. Akasarin rodin da ake sayarwa a ƙasar nan ma tsohon ƙarfe ne da 'yan jari-bola suka tara aka narkar, tunda Ajaokuta ba ta kai ga aikin da aka gina ta dominsa ba, kamfanin mulmula ƙarfe na nan Jos kuma ya daɗe da tsayawa. Abin da muka rasa shi ne shaida. Ba a san daga ina kaya ya fito ba, ba a san ƙarfinsa ba, ba a rubuta komai ba. Rashin wannan shaida ne ya sa a farkon 2025 hukumomin Abuja suka rufe kasuwannin panteka na mako biyu, saboda kayan sata irin su murafan magudanun ruwa sun cakuɗe da na halak. A nan ne nake ganin amfanin waya da kwamfuta, zan dawo kai.

Dole ne a rushe duka?

Wannan ita ce tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya zo mini da irin maganarka, domin babu kayan da ya kai bangon da yake tsaye araha. Jos gari ne na dutse, kuma harsashin dutsen da aka yi da kyau yana daɗewa ƙwarai. Gidajen zamanin haƙar kuza da ke Rayfield da Bukuru shaida ne. Sai dai harsashin da aka yi don gida marar bene, ba don bene aka yi shi ba. Sau da yawa na sa an haƙa gefen irin wannan harsashi, sai mu tarar da dutse mai kyau amma zurfinsa bai kai gwiwa ba, faɗinsa kuma daidai da bangon da ke kansa. Ya riƙe kwano da katako shekara hamsin lafiya. Ka ɗora masa dakin, wato daɓen kankare na hawan sama, da mutane da tankin ruwa, labari ya canja. Babu mutumin Jos da ya manta da makarantar da ta rufta a Busa Buji ranar 12 ga Yuli, 2024, inda mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. Tun daga ranar na ƙara tsanantawa a kan duk abin da zai ɗauki nauyin mutane a sama, ba na sassauci a nan ko don zumunci.

Zaɓin da nake so ku tattauna da 'yan'uwanka shi ne na tsakiya. A warware ɓangaren gaba da ke bakin hanya, a yi wa benen nasa sabon harsashi da nasa ginshiƙai, a bar abin da yake lafiya a baya a gyara shi, a kuma bar tsaga tsakanin tsohon gini da sabo don kada ɗaya ya ja ɗaya idan sabon ya fara zama. Wannan yana ba ku wurin ajiye kaya da wurin kwanan mai gadi yayin aiki, wani lokaci ma iyali ba sai sun tashi ba. A garin Dandaji da ke jihar Tawa a Nijar an yi irin wannan tunani a babban aiki: maimakon a rushe tsohon masallacin ƙasa, masu zanen gini Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mayar da shi ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa da bulon jar ƙasa, aka gama a 2018.

Ka kuma sa a duba tsayin daɓen gidan idan aka kwatanta da titi da magudanar ruwa. Ambaliyar Yulin 2012 ta yi ɓarna a Rikkos da Gangare, kuma titunanmu suna ƙara tudu duk sanda aka sake zuba musu kwalta, gidaje suna komawa rami. Idan gidanku yana cikin waɗanda suka nutse, sabon ginin yana bukatar ciko, kuma cikon yana nan a jikin bangon da za ku sauke.

Yadda ake warwarewa

Katafila za ta gama da gidan kafin la'asar, ta bar maka tudu guda na bulo da katako da kwano da waya duk a cakuɗe, wanda ba abin da za ka yi da shi sai biyan tifa ta kwashe. A lungunan Gangare ma ba lallai ta samu hanyar shiga ba, idan ta shiga kuma girgizarta tana iya tsaga bangon maƙwabci. Warwarewa da hannu takan ci mako biyu zuwa uku a gida irin naku, da kafinta ɗaya da lebura kaɗan. Daga sama ake farowa, kuma daga abin da ya fi daraja: a yanke wuta, a cire wayoyi da famfuna, a cire ƙofofi da tagogi tare da firam ɗinsu, sai silin, sai kwano, sai katakon rufi, bango shi ne na ƙarshe. Ka biya leburori kuɗin yini. Kada ka yarda da cinikin "mu rushe mu ɗauki kayan a bakin aikinmu", domin wanda ya yi maka wannan tayin ya riga ka sanin darajar abin da ke cikin gidan.

Katakon rufin shekarun 1970 yakan ba mutum mamaki. A lokacin ana samun madaci da loko waɗanda suka ƙosa, irin da yau sai ka sha wuya kafin ka samu. Ga yadda nake gwadawa: in ɗauki babbar ƙusa in soka a ƙarshen katakon, wurin da ya shiga bango, domin nan gara da danshi suke fara ci. Idan ƙusar ta ƙi shiga, na ƙwanƙwasa kuma na ji ƙara mai tauri ba ta holoƙo ba, sai a zare tsofaffin ƙusoshi, a goge shi, a shafa maganin gara, a jera shi a inuwa a kan bulo don kada ya taɓa ƙasa. Irin wannan katako yana yin firam ɗin ƙofa da kantocin shago waɗanda za su fi sabon katakon kasuwa daɗewa. Wanda ya ɗan taɓu kuma ya isa tokare dakin lokacin zuba kankare. Tsohon kwano yakan fi na yanzu kauri, amma hujojin ƙusa sun hana shi komawa kan ɗakin kwana; yana yin shingen wurin aiki, rumfar ajiye siminti, ko rufin ɗakin girki na tsakar gida.

Dutsen harsashi shi ne dukiyar gidan. Ba ya tsufa. A kankare masa tsohon siminti a wanke, ya koma gindin katanga ko gindin sabon bango. Bulo kuwa da wuya ya fita lafiya, don haka kada ka sa rai da shi a matsayin bulo. A farfasa shi ya zama ciko. Ka ɗauka benen zai zauna a kan mita 12 da mita 10, kuma ana son a ɗaga daɓe da santimita 30: cikon da ake bukata ya kai kubik mita 36, tifa da yawa ke nan. Ribar biyu ce, ba ka biya an kwashe ba, ba ka biya an kawo ba. Sharaɗin shi ne a tsince katako da leda da tsumma daga ciki, domin duk abin da zai ruɓe zai bar rami a ƙarƙashin daɓe, a kuma zuba shi kaɗan-kaɗan, kamar santimita 15, a jiƙa a daddaɓe kafin a ƙara wani. Farfasasshen kankare yana iya maye gurbin tsakuwa a daɓen tsakar gida, amma yana shan ruwa fiye da tsakuwar da aka fasa daga dutse kuma ƙarfinsa ba ɗaya ba ne daga wannan guntu zuwa wancan, don haka ba na sa shi a dakin ko ginshiƙi.

Abu ɗaya da za ka yi hattara da shi sosai shi ne silin ko rufin asbestos, wanda ya yi yawa a gidajen wancan zamani. Ƙurarsa tana lalata huhu, kuma cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. A jiƙa shi da ruwa kafin a taɓa, a cire shi ɗungurungum ba tare da an fasa ba, masu aikin su rufe hanci da baki da takunkumi mai kyau, a naɗe shi a leda mai kauri, a tambayi hukumar kula da muhalli inda za a kai shi. Kada ya shiga ciko, kada a sayar da shi, kada yara su yi wasa da guntayensa.

Maganar rodi

Kada ka mayar da tsohon rodi cikin ginshiƙi, ko bim (kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai), ko dakin, ko matakala, ko ma murfin sokawe. Rodin da aka fasa kankare da guduma aka zaro ya sha duka, ya lanƙwashe, an miƙe shi, wani lokaci har da wuta, kuma duk lanƙwasawa da miƙewa tana rage masa juriya ta hanyar da ido ba ya gani. Tsatsa ta ci kaurinsa a wasu wurare. Ga shi kuma da yawa daga rodin wancan lokaci mai santsi ne, ba mai gurzan da yake kama kankare ba. Injiniya yana lissafin bene ne da wani sanannen ƙarfi na rodi. Idan ba a san ƙarfin ba, lissafin ya zama kame-kame. Ka zaɓi masu kyau a yi maka ƙarfen taga da turakun awo, sauran ka sayar wa 'yan gwangwan a kan sikeli, a gabanka. Za su koma tanderu su dawo sabon rodi, kuɗin kuma ya rage maka wani abu.

Sabon ma kada ka yarda da shi don kawai sabo ne. Mita ɗaya na rodi mai milimita 12 ya kamata ya yi nauyin kilo 0.888, wato sanda guda mai tsawon mita 12 ta ɗan haura kilo 10 da rabi. Mai milimita 16 kuma kilo 1.58 ne a kowace mita. Ka sa a yanko mita ɗaya a ɗora a sikeli tun a shago. Idan ya gaza sosai, an rage masa kauri, araha kuwa ba ta ado. Don bene, ina kai guntaye ɗakin gwajin kayan gini a ja su har su tsinke a ga ƙarfinsu, kuma kuɗin gwajin bai kai na sanduna kaɗan ba.

Akwai wani abu da ya keɓanta da Filato wanda zan so ka sani, domin yana nuna cewa ba kowace shara ce ta cancanci komawa cikin gida ba. Yashin da ya rage bayan an tace kuza, musamman baƙi mai nauyin nan da ake tarawa a wuraren tacewa, yana ɗauke da ma'adinai irin su monazait masu fitar da tururin nukiliya, kuma masu bincike sun auna shi sun same shi sama da na ƙasar yau da kullum. Yakan zo da araha, yana kuma da kyan gani. Ka tambayi direban tifa daga ina ya ɗebo yashinsa, kada a yi maka bulo ko filastar ɗakin kwana da irin wannan.

Abin da za a gina sabon da shi

Tunda kwarangwal ɗin benen kankare ne da rodi, bangon da zai cike tsakanin ginshiƙai ba shi zai ɗauki nauyin ba, kuma a nan kana da zaɓi. Bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, a sa masa siminti kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100, ya dace da wannan gurbi. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, ta daɗe tana aiki a kansa har ta ƙera injinansa. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, da irin wannan bulo ya gina makarantar ƙauyensu Gando. A Jos yana da wata fa'ida ta daban: bangon ƙasa mai kauri yana riƙe ɗumin rana ya sake shi da dare, wanda duk wanda ya kwana a ɗakin bulon siminti cikin sanyin Disamba zai san darajarsa. Ƙasar ɗakunan nan biyu na baya, idan kun sauke su, tana iya shiga ciki bayan an gwada ta.

Ba zan ɓoye maka wahalarsa ba. Ruwa ne maƙiyinsa, Jos kuma tana samun ruwan sama kusan milimita 1,300 ko fiye a shekara. Ka leƙa gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke kusa da gidan zu, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zazzau, ka lura da inda ruwa yake fara cin ginin ƙasa: gindi da kai. Don haka sai an ɗora shi a kan dutse, an kuma fito da bakin rufi sosai ya kare shi. Maginan da suka iya jera shi ba su da yawa, bulon yana son a bar shi ya yi mako huɗu ana kula da danshinsa kafin a ɗora, kuma wasu 'yan haya suna raina shi da zarar sun ji an ce ƙasa. Idan ba ka samu gwanin da ka ga aikinsa da idonka ba, ka yi shagunan da bulon siminti mai kyau, ka gwada na ƙasar a katanga ko ɗakin baya tukuna.

Kada a cika bangon da gilashi. Ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ta nemi kada tagogi su wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai an yi musu inuwa. Ka kuma sa indararo da tanki tun a zane: rufi mai murabba'in mita 120 a Jos zai iya tara maka fiye da lita 120,000 a damina guda.

Ina kwamfuta ta shigo

Abin da yaronka yake nufi shi ne tsarin da ake kira BIM. Maimakon layuka a takarda, ana gina gidan sukutum a cikin manhaja irin Revit, kowane bango da ginshiƙi da bututu yana ɗauke da tsawonsa da kaurinsa da irin kayansa. A Ingila tun 2016 gwamnati ta wajabta shi a ayyukanta. Bene hawa ɗaya ba ya bukatar duk abin da manyan kamfanoni suke yi da shi, amma akwai wurare uku da na ga yana mayar da kuɗinsa.

Na farko ƙidaya. Manhajar tana fitar da adadin bulo da kankare da rodi, ka san abin da za ka saya kafin ɗan kwangila ya faɗa maka. Ta nan ake rage yanke-yanke. Tsawon sandar rodi mita 12 ne. Idan zane ya nemi guntaye masu mita 4, sanda ɗaya ta ba ka uku babu saura. Idan ya nemi masu mita 4.2, biyu za ka samu, mita 3.6 ta rage, kuma in ba a tsara mata gurbi a linta (kankaren saman ƙofa ko taga) ko wani wuri ba, bayan gini za ta ƙare. Haka bulo: tsawonsa santimita 45, idan aka auna ɗakuna da wannan a zuciya, birkila ba zai yini yana fasa bulo ba. Na biyu karo. Mun saba ganin an gama zuba dakin, sai mai famfo ya zo da kurfi da guduma yana huda bim don bututun ban-ɗaki ya wuce, ya yanke rodin da aka sa don ya riƙe mutane. A kwamfuta ana ganin wannan karon tun ba a sayi komai ba. Na uku ya shafe ku kai tsaye, tunda gidan na magada ne. A tara kowa, a nuna musu gidan a allo, su shiga ɗaki-ɗaki, Hajiya ta faɗi inda take son ɗakin girki, a yi gardamar a gama a nan. Matsar da bango a allo minti biyar ne. Bayan an gina shi, buhunan siminti ne da ɓacin rai.

Iyakarsa kuma a fili take. Kwamfuta ba ta kwaɓa kankare, ba ta hana a rage siminti idan ka juya baya, kuma idan aka ba ta awo marar kyau za ta fitar da lissafi marar kyau cikin tsari mai ban sha'awa. Magini a wurin aiki takarda yake karantawa, don haka a buga zanen babba a manna a allo. Yaronka ɗalibi ne, zai iya gina samfurin ya koyi abu mai yawa, amma lissafin ƙarfin gini da sa hannu na injiniya ne mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Nijeriya, ka nemi lambarsa ka tabbatar. A kai zanen JMDB, hukumar raya birnin Jos, a samu izini kafin a haƙa, takardun filin kuma a daidaita su a PLAGIS, ofishin rajistar filaye na jihar Filato, da sunan da magada suka amince.

Aikin da ni zan ɗora wa yaron ya fi wannan sauƙi, kuma a ganina ya fi shi amfani. Waya kawai yake bukata. Tun kafin a taɓa tsohon gidan ya zagaya ya ɗauki hoton kowace ƙofa da taga da katako, ya sa musu lamba da alli, ya rubuta a Excel: mene ne, nawa ne, ina zai koma, ko nawa aka sayar. Idan aka fara sabon gini, ya ɗauki hoton rodin kowane ginshiƙi da bim da dakin kafin a zuba kankare, da tef ɗin awo a jiki ana ganin tazarar. Ya ɗauki hoton kowane bango bayan an sa waya da bututu, kafin filasta ta rufe su. Rasit, sakamakon gwaji, sunan kamfanin siminti da na rodi, ranar da aka zuba kowane kankare, duk su shiga wuri ɗaya, a tura wa 'yan'uwa a zauren WhatsApp, a kuma ajiye kwafi a intanet da wani a takarda. Kuɗi ya riƙa tafiya ta banki don ya bar sawu. A Holan tun 2017 suke da rumbun intanet mai suna Madaster inda ake rajistar kayan da ke jikin gini don mai warware shi nan gaba ya san abin da zai samu. Naku ƙaramin kundin aikinsa ke nan. Yana kashe zargi tsakanin magada tun yanzu, kuma ranar da wani zai so ƙara hawa, ko bututu ya fashe a cikin bango, ba sai an yi ta fasa gini ana lalube ba.

Da wannan tunanin za ku roƙi mai zane ya bar wa na baya hanya. Bangon da ke raba shago da shago kada ya ɗauki nauyi, don a iya cire shi a haɗe shaguna biyu. Rufi a ɗaure shi da noti da sukuru inda zai yiwu, ya fita lafiya ranar da aka so. Bututan ruwa su bi ta rami ɗaya mai murfi. Idan kuna da niyyar ƙara hawa ko da nan da shekara ashirin ne, a faɗa wa injiniya yau ya sa a lissafin harsashi, a kuma rubuta a jikin zanen hawa nawa aka yi ginin ya ɗauka.

Kuɗin farko da za ku kashe shi ne na kawo injiniya ya haƙa rami biyu ko uku a gefen harsashin ya rubuta muku rahoto, yaron kuma ya fara ƙidayar kayan a ranar. Warwarewar ku bari sai ruwa ya ɗauke, daga Nuwamba, don katako ya samu bushewa, ciko ya daddaɓu, ku kuma kai ga rufi kafin ruwan Afrilu ya sauko. Allah ya sa a fara a sa'a.